Mace Ce Ko Namiji? Shawarwari Ga Masu Kiwon Bayan Ɗaki, Daga Zabo Har Maciji

Muna yara, in gardawa suka sauka Anka ranar kasuwa, ba mai iya tsare mu a gida. Mu bi kiɗa har inda aka yi da'ira: ga kura da takunkumi, ga biri da 'yar riga, ga akwatin katako da ake buɗewa a hankali. Na tuna wani gardi mai warki, guraye har damtse, ya zaro kumurci ya rataya a wuya, ya daka wa taro tsawa: "Ku ja baya! Wagga mace ta, ta hi namijin dahi." Wani dattijo da ke riƙe da igiyar tunkiya ya ce, "To yaro, ƙaƙa kag gane mace ta?" Gardin ya washe baki ya ce, "Baba, ba ka ganin hushinta?" Aka kwashe da dariya, aka watsa masa kuɗi.

Sai da na girma na gane dattijon nan ya yi tambayar da ta fi ƙarfin mai akwatin. Fushi ba ya nuna jinsin maciji, haka girma, haka launi. Tambayar kuma ta fi kusa da tukunyarmu fiye da yadda muke zato. Tun da ɓarayin shanu suka watsa garken daji, dukiyar gidaje da yawa a Anka da Gummi da Bukkuyum ta dawo bayan ɗaki: awaki 2 a turke, tunkiya, zabi, 'yan kaji, wani gidan har da zomaye a tsohon madafi. Mai shanu 50, in karsana guda ta ƙi haihuwa, da kyar zai lura. Matar da akuya guda ce asusunta, in aka sayo mata wadda ba ta haihuwa, ta yi asarar shekara. Ga abin da na tsinta, wani a gidanmu, wani a bakin malaman dabbobi, wani a karatu.

1. A ɗaga wutsiya kafin a ƙirga kuɗi.

Gwaggona ta kwashi adashinta ta aika kasuwa aka sayo mata jar akuya, budurwa, gashi sai sheƙi, irin wadda fatarta ta yi suna har Turai. Shekara 1 da rabi tana cin dusa da harawa. Sau 3 ana kai ta gidan mai bunsuru, shiru. Can sai wuyanta ya yi kauri, ta soma warin bunsuru, tana hawan 'yan uwanta. Maƙwabta suka ce baki ne ya kama ta, aka yi turare, aka ɗaura mata laya. Ranar da malamin dabbobi ya shigo allurar rigakafi, bai yi minti guda ba. Ya ɗaga wutsiya, ya laluba matsematsinta, ya ce, "Inna, wagga ba ta haihuwa. Mata-maza ta." Gwaggo ta riƙe haɓa ta ce, "Ɗan nan, dusar shekara guda da rabi hwa?"

Abin da ya duba, kowa na iya dubawa a tsakiyar kara, da rana tsaka. Gaban akuyar kirki tsaga ce shafaffiya a ƙarƙashin mafitar kashi. In ka ga wani jan tsiro ya leƙo daga ƙasan tsagar, kamar ƙwayar gyaɗa ko ya fi, ko ka ga ƙofar ta yi ƙasa sosai ta nufi tsakanin cinyoyi, to dakata. Sa hannu a matsematsi da gefen hantsa: in ka ji wasu ƙulalai masu zillewa kamar 'ya'yan kanya, mai yiwuwa maraina ne da suka ɓuya. Kan nonon irin wannan akuya ƙanana ne ƙwarai. In kana da haƙuri, jira ta yi fitsari, don wata takan feso shi sama, wata ya bi ƙafafu.

Sannan a yi sharaɗi a gaban dillali tun kafin ya karɓi la'ada: don haihuwa na saya, in aka sami aibin halitta zan dawo da ita. Wanda bai yarda da idonsa ba, ya ƙara kuɗi ya sayi wadda ta taɓa haihuwa. Ita ce ba ta da gardama.

2. Kada a haɗa akuya marar ƙaho da bunsuru marar ƙaho.

Ba wadda aka ƙone wa ƙaho ko ya karye nake nufi ba, a'a, wadda aka haifa da kai sumul. A awaki, ƙwayar gadon da ke hana ƙaho fitowa tana tafe da wani lahani a ɓoye. Ɗan da ya gaje ta daga gefe guda lafiyarsa lau. Wanda ya gaje ta daga uwa da uba duka, in asalinsa mace ne, sai halittar ta karkata zuwa ta namiji, a sami mata-maza. In iyayen biyu duk marasa ƙaho ne, aƙalla 1 cikin 4 na 'ya'yansu zai gaji ƙwayar ta gefe biyu. Masu bincike a Faransa suka gano ainihin gurbin ƙwayar gadon a 2001.

Jar akuyarmu ta Sakkwato da Maraɗi mace da namiji duk suna da ƙaho, shi ya sa abin bai yawaita a wurinmu ba. An fi ganinsa a awakin madara na Turai, irin su Saanen farare. To yanzu ga shi ana sha'awar awakin waje da ruwa-biyunsu, ana tallarsu a waya. Maganin mai sauƙi ne: ɗaya daga cikin iyayen ya kasance mai ƙaho.

3. Maraƙar da aka haifa tagwaye da namiji, a turke ta don nama.

Wannan Fulani sun daɗe da saninsa. Saniya ba ta cika haihuwar tagwaye ba, amma in ta haifi mace da namiji a ciki guda, fiye da 90 cikin 100 na irin waɗannan matan juya ne. A cikin mahaifa jijiyoyin mabiyiyar 'yan biyun sukan haɗe, jininsu ya gauraya, sinadaran da jikin namijin ke fitarwa su isa ga macen tun kayan cikinta ba su gama tsayuwa ba, sai su tsumbure. Wani masani a Chicago ta Amurka, Frank Lillie, shi ya bayyana haka a 1916, bayan ya yi ta bin cikin shanun da aka yanka a mahauta.

Daga waje karsana ce sosai, sai dai wani lokaci a ga dogon gashi a ƙasan gabanta, hantsa kuma ba ta tasowa. Malamin dabbobi yakan auna zurfin gaban da bututu mai tsabta, ya tarar gajere ne ya toshe. Namijin kuwa galibi lafiyarsa ƙalau.

Kada wannan ya tsorata mai awaki da tumaki. Su tagwaye abin yau da kullum ne a wurinsu, kuma haɗewar jinin ba ta cika faruwa ba. 'Yar akuyar da aka haifa da ɗan bunsuru, a bar ta, za ta haihu in Allah ya so.

4. Rago ko bunsuru mai maraini guda, kada a bar shi uban garke.

Ɗayan yana nan, a ciki ya maƙale bai sauko ba. Irin wannan yana iya yin barbara har a sami ciki, amma abin na bin jini, 'ya'yansa maza na iya gada. Wanda duka biyun suka maƙale yana da wari da rigima irin ta maza, sai dai ba ya ba da ciki, don zafin cikin jiki yana kashe iri. Kada a sa mai dandaƙa ya yi ta lalube da wuƙa yana neman wanda ya ɓuya. A ciyar da shi, a sayar wa mahauci.

5. Naman mata-maza halal ne, kada a yar da dukiya.

Gwaggo ta so ta bayar da akuyar nan kyauta, wai ba ta cin abin da ba ta san kansa ba. Limamin unguwa ne ya hana. Malaman Malikiyya da ake karanta littattafansu a zaurukanmu ba su bar wannan mas'ala ba. Da suka zo jera dabbobin layya bisa fifiko, kowane iri sun kasa shi 4: namiji cikakke, sai dandaƙaƙƙe, sai mata-maza, sai mace. Tumaki, awaki, shanu da raƙuma, ya zama daraja 16. Ka ga ashe a wannan jeri mata-mazan tumaki ma yana gaban tunkiya. Abin da ke hana layya daban ne: makanta, gurguntaka bayyananniya, cuta, rama. Akuyar Gwaggo dai da Babbar Salla aka yanka ta, kitse har ya ishi maƙwabtan da suka ce baki ne.

6. Zabi da kunne ake gane su.

An ce kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta. Matsalar ita ce zabon ma da zanen nan ya zo, ɗigo bai bambanta ba. Mutane sukan dubi ƙahon kai da jan naman da ke reto a gefen baki. Gaskiya ne na namiji yakan fi girma, ya ɗan kumbura ya buɗe waje, na mace ya kwanta. Amma sai sun girma, kuma sai an jera su kusa da juna. Zabo guda a hannun mai talla a bakin tashar Daki Takwas, ba abin da za ka gwada shi da shi.

Kuka ne ba ya ƙarya. Daga wajen wata 2, mace tana da kira mai gaɓa 2, ta yi ta maimaita shi, na farko gajere na biyu a sama. Namiji gaɓa guda yake sara, da sauri, kamar ana buga ƙarfe. In an firgita su, macen ma tana iya yin irin nasa, amma shi ba ya iya nata har abada. Saboda haka a ware wanda ake shakka a kife shi da kwando inda yake jin 'yan uwansa ba ya ganinsu. Kaɗaici zai sa shi kira. Duk wadda ta yi gaɓa 2, a ɗaura mata jan zare a ƙafa nan take, don da ta koma cikin garke ta ɓace maka.

A yi wannan aiki tun da bazara. Zabi da damina suke ƙwai, kuma wanda ya sayar da mazansa kaf don kuɗin taki, zai tara ƙwai ya sa wa kaza ta yi kwana 28 a kai, ya kwashi baragurbi. A bar namiji 1 ga mata 4 ko 5.

7. Tsakon kwana 1: a san irinsa kafin a saya.

Jajayen kajin ƙwai na gidan gona, irin su Isa Brown, an tsara su yadda launi ke raba su tun ranar ƙyanƙyasa: mace ja-ja, namiji fari ko ruwan ƙwai. In an kawo kwali cike da fararen tsaki da araha ana cewa masu ƙwai ne, zakaru ne. Ba laifi a saye su, suna da nama, amma a saye su da sunansu da kuɗinsu.

Tsakin kajin Hausa kuwa sai haƙuri. Daga sati 5 zuwa 6 zankon namiji yake soma ja da tasowa, ƙafarsa ta fi kauri. Wajen wata 3 gashin wuyansa da na gadon baya ya fito da tsini, na mace kuwa bakinsa a zagaye. Akwai masu gane tsako ta duban mafitar kashi, sana'ar da aka ƙware a kanta a Japan tun shekarun 1920, amma ana shekaru ana koyonta, kuma hannun da bai iya ba kashe tsakon yake. Zancen cewa dogon ƙwai zakara ne, mulmulalle kaza, ko a rataya allura da zare a ga inda ta juya, duk canki-canki ne: rabi ka ci, rabi ka faɗi.

8. Kazar da ta yi cara ba ta kawo mutuwa.

Gidaje da yawa in kaza ta miƙe wuya ta yi cara, kafin azahar ta sha wuƙa, wai mugun abu take kira. Ga abin da ke faruwa. Kaza da ma'ajin ƙwai guda take aiki, na hagu. Na dama yana nan a kwance tun tana cikin ƙwai. In cuta ko ƙari ko tsufa ya lalata na hagun, sai na daman ya farka, shi kuwa in ya farka ɗabi'ar maraini yake ɗauka. Sai ƙwai ya tsaya, zanko ya girma, ƙaimi ya fito, murya ta buɗe. A 1923 wani masani a Edinbura ya ba da labarin kazar da ta yi shekaru tana ƙwai, daga baya ta rikiɗe har ta ba wata kazar tsaki, amma irin wannan da wuya ake gani. Wani lokaci ma ba cuta: garken da ba zakara, babbar cikinsu takan ɗauki aikin.

Yankawa dai ba laifi, tunda ƙwai ya ƙare. A duba cikinta kawai, in an ga ƙulalai ko ruwa ya taru, a binne.

Haka ake cewa kura mata-maza ce. Kurar gardawa mai dabbare-dabbare, macenta ta fi namijin girma, kuma gabanta ya yi kama da nasa har ya rikita masu farauta, ta nan kuma take haihuwa. Mace ce cikakkiya, haka dukkansu suke.

9. Tattabaru, zomaye, agwagi.

Tattabara 2 suke ƙyanƙyashewa, mutane kuma sun ɗauka kullum mace da namiji ne. Kusan rabin lokaci ne kawai haka. In ka haɗa biyu ka ga ƙwai 4 a sheƙa ba ƙyanƙyasa, mata ne. In an yi ta gini da guɗa ba ƙwai, maza ne. Ma'aurata na gaskiya ƙwai 2 ne, namiji ya kwanta da rana, mace da dare, kwana 18.

Zomo a kwantar da shi rigingine a cinya, a danna gaban a hankali da yatsa 2: na namiji bututu ne mai zagayayyen baki, na mace tsaga. A raba su kafin wata 3, don cikin zomanya kwana 31 ne kacal. Agwagwa ba ta wahalar da kowa, toro ya kusa ninka macen.

10. Maciji: wanda ba sana'arsa ba ce, ya tsaya daga nesa.

Mu nan ba a ajiye maciji don sha'awa, in ban da gardawa da masu maganin sara. A Amurka da Turai kuwa kiwonsa ake kamar kyanwa, musamman wata ƙaramar mesa mai dunƙulewa kamar ƙwallo in ta tsorata, wadda ake kwasa dubbai duk shekara daga Togo da Binin da Gana. Yanzu samarinmu na ganinsu a TikTok, har wani ya fara tambayar inda zai samu. To ko can, wata rigimar da ake yawan yi tsakanin mai saye da mai sayarwa ita ce ta dattijon nan: an sayar da mace, shekara 3 ana jiran ƙwai, ashe namiji ne.

Dalili shi ne maciji ba ya da komai a waje. Namiji gaba 2 gare shi, kuma a juye suke kamar safar da aka cire, a ɓoye cikin gindin wutsiya, bayan mafitar kashi. Abin da ido ke iya kamawa kaɗan ne. Wutsiyar namiji takan riƙe kaurinta na ɗan tsayi kafin ta sirance, ta kuma fi tsawo. Ta mace tana tsukewa nan da nan. A kasa bambancin a fili yake, macen wutsiyarta guntuwa ce dungum. A kumurci sai wanda ya ga da yawa. Mesa tana da 'yan ƙaimi 2 a gefen mafitar, sau da yawa na namiji sun fi tsawo, amma suna cinyewa, suna karyewa, ba abin dogaro ba ne.

Masu kiwon da suka ƙware sukan zura wata siririyar sandar ƙarfe mai mulmulallen kai, an shafa mata mai, ta nufi ƙarshen wutsiya. A mace takan tsaya bayan ɓawo 2 zuwa 4, a namiji ta ninka haka ko fiye. Nan ma ana kuskure ta gefe biyu: namiji ya ɗaure jiki sandar ta ƙi shiga a ce mace ne, ko mai gaggawa ya huda macen sandar ta wuce a ce namiji ne, ga rauni ya bari. 'Ya'yan maciji kuwa matsa gindin wutsiyar ake da babban yatsa har gaban ya fito, in aka yi da ƙarfi a karya ƙashin baya. Tsinken tsintsiya ko gashin kaza ba kayan wannan aiki ba ne. Hanyar da ba ta da haɗari ita ce duban saɓa: a saɓar namiji wani lokaci akan ga 'yan busassun zare 2 a daidai mafitar.

Kuma macizai ma suna da mata-maza. Akwai wani tsibiri a gaɓar Sao Paulo ta Barazil, Queimada Grande, mai wani maciji ruwan zinariya da ba a samunsa ko'ina sai can. Tun shekarun 1950 masanan cibiyar Butantan suka tarar da yawa daga matan suna ɗauke da gaban namiji, ga kuma ma'ajin ƙwai a ciki. Sai a 2022 ma masu bincike a Adelaide ta Ostareliya suka yi cikakken bayanin halittar gaban macen maciji, a iri 9 har da kasa, suka nuna an daɗe ana rikita ta da wasu gaɓoɓin. Ko ƙwai ba ya tabbatar da cewa akwai namiji a kusa: a gidan namun daji na St. Louis a Amurka, wata ƙaramar mesa mai shekara wajen 62 ta saka ƙwai 7 a 2020, alhali ta fi shekara 15 ba ta haɗu da namiji ba. Wasu matan suna ajiye iri a jiki na tsawon lokaci, wasu kuma suna yin ƙwai mai rai ba barbara sam.

Abu guda da ya shafi kowane gida: gardi ya ce ya cire haƙori, haƙorin maciji sake fitowa yake. Kada a miƙa yaro a rataya masa don hoto.

11. In an kashe maciji a gida, a nemi abin da ya kawo shi.

Akan ce matarsa ko mijinta zai biyo sawu ya rama. Maciji ba ya aure, ba ya riƙo. Amma maganar tana da tushe: lokacin barbara mace takan bar ƙamshi a inda ta bi, maza su bi shi da harshe, har inda aka ja gawarta. Saboda haka a ɗauke ta da doguwar sanda, a binne nesa, a wanke wurin. Kada a taɓa kan da hannu ko an datse shi, yana iya sara bayan mutuwa. Biyun da ake gani sun nannaɗe, kawuna a sama suna ture juna, sau da yawa maza ne ke kokawa.

Abin da ya jawo na farko shi zai jawo na biyu: ɓeraye a gindin rumbu, ƙwai a akurki, tarin itace da kara a jikin ɗaki, ramukan gara. Bayan ambaliya, irin wadda ta ci Gummi a 2024, sai a ƙara kula, don ruwa na koro su tudu. Kasa haihuwa take, 'ya'ya 20 zuwa 40 ko fiye, kububuwa kuwa ƙwai take yi, kuma ɗan da ya fito yau da dafinsa ya fito. Mace da namiji duk suna kisa.

In an yi sara, ban da tsagawa, ban da tsotsa, ban da ɗaure da roba. A cire zobe da awarwaro, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibiti ko da ya ce ba ya jin komai, don dafin kububuwa a hankali yake tsinka jini. In kumurci ya yi tofi a ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta, buta bayan buta, sannan a tafi.

12. In jariri ne aka kasa ganewa, asibiti tun kafin suna.

Ina neman afuwar haɗa wannan da zancen turke, ɗan Adam ya fi ƙarfin haka. Na kawo shi ne don gidan da ya san abin halitta ne ba ya ɓata kwanaki wajen neman wanda ya yi jifa. Ba laifin uwa ba ne, ba na uba ba. Malamanmu sun san shi da sunan hunsa, kuma Muhtasar na Shehu Halil da mas'alar gadonsa ya rufe littafin: wanda aka kasa tantancewa yana karɓar rabin rabon namiji da rabin rabon mace. Abin da shari'a ta yanka wa rabo a gado ba abin jefarwa a bayan ɗaki ba ne.

Gaggawar tana da dalili. Mafi yawan abin da ke sa 'ya mace ta fito da gaba mai kama da na namiji ciwo ne na wasu 'yan ƙulalai da ke saman ƙoda. A jarirai da yawa ciwon yana sa gishirin jiki ya tsiyaye. Satin farko jariri lafiya lau, a na 2 ko na 3 sai amai, ƙin nono, yaushi, maɗiga ta faɗa. In ba a kai shi ba ana iya rasa shi, alhali akwai maganin da ke riƙe shi ya girma. Haka yaron da ba a ji maraininsa ko guda ba, ko wanda ƙofar fitsarinsa take a ƙasan gaba, likita ya gan shi.

Kada ungozoma ko wanzami ya yanke komai. Kaciya ma a dakata, don da fatar nan likitoci ke gyaran mafitar fitsari. A fara da babban asibitin Anka ko na Gummi ko na Bukkuyum, a nemi takardar turawa zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, inda za a yi hoton ciki da gwajin jini. Batun suna a zauna da limami a keɓe, 'yan barka kuma a ce musu jariri ba ya jin daɗi, ya isa. Wani kuma abin ba ya bayyana sai an balaga: yarinyar da ta kai 16 ba ta ga al'ada ba, a kai ta a duba kafin a sa ranar aure.

In za a tafi, a riƙe katin awon uwar, da kwalin duk maganin da ta sha tana da ciki, a kuma gaya wa likita in an taɓa rasa jariri a dangi cikin makonnin farko ba a san dalili ba.